Yadda Wayata Ta Haɗa Ni da Surukata

Da muka gama roron gyaɗa a ƙauyenmu da ke bayan Ringim, sai na duƙufa koyon Python, wani yaren rubuta shirin kwamfuta, a waya. Aikin da aka ba mu shi ne a rubuta shirin da zai duba ko kalmomi biyu haruffansu ɗaya ne, jeri kawai ya bambanta. Anagiram ake ce masa. Dabarar ba wuya: ka jera haruffan kowace kalma da umarnin sorted(), ka kwatanta. In sun zo ɗaya wayar ta ce True, wato e, in ba haka ba False, wato a'a.

Na ba ta "Gari" da "riga", ta ce False. Ashe a wurinta babban G lamba 71 ne, ƙaramin kuwa 103, ko dangin nesa ba su haɗa ba. Sai da lower() ta ƙanƙantar da kowa sannan ta yarda. "Ƙasa" da "saka" ta ƙi, "ƙasa" da "saƙa" ta karɓa. Nan kam na sara mata, ta fi wasu masu digiri kula da lanƙwasa.

Da yamma yara suka kewaye ni a tabarma. Musa da suma, True. Sani da nisa, True. Ana ta sheƙa dariya na tashi alwala, na bar wayar a hannun yarona.

Ranar kuwa surukata ta zo ganin ɗiyarta. Sunanta ba zai fito daga bakina ba, amma ranar Lahadi aka haife ta, sai ku lissafa.

Ina wanke ƙafa na jiyo: "Kaka! Wayar Baba ta ce ke dila ce! True!"

Na durƙusa a bakin ƙofa. "Inna, haruffa kawai take jerawa."

"To wa ya koya mata jerawar?"

Ko tuwo ba ta taɓa ba ta yafa mayafi.

Washegari na sayi goro na nemi baffana ya raka ni ban haƙuri. A zaure ya saurari bayanin tsaf, ya gyaɗa kai, ya ce, "Gwada nawa mu gani." Garba sunansa. Nan take na jera a zuci: barga.

"Baffa, ai caji ya ƙare."

"Ba komai," in ji shi, ya leƙa cikin gida. "Kai, kawo pawa bankin yayanka!"