Libarbar kaboyi da adakar hawan Daushe

Wani abokin aikina a nan jihar Arizona ya daɗe yana gayyatata kallon gasar harbi irin ta kaboyi da yake shiga duk wata, ni kuwa ina ta kawo masa uzuri, domin a kunnen Bahaushen wannan zamani kalmar 'yan bindiga ba ta da daɗin ji. Da uzurin ya ƙare sai na bi shi wata Asabar, kuma abin da na tarar ya fi kama da hawan Sallah fiye da yadda na zata. Maza da mata ne, yawancinsu dattawa, sanye da malafa da falmaran da dogayen takalma irin na ƙarshen ƙarni na 19, kowa da laƙabin da ake kiransa da shi a filin, kamar yadda kowane gwarzo yake da kirarinsa.

Wasan ya samo asali ne a kudancin Kalifoniya a farkon shekarun 1980, kuma a 1987 aka kafa ƙungiyar SASS mai tsara masa dokoki. Mai gasa yana zuwa da libarba biyu da dogayen bindigogi biyu, kuma dole libarbar ta zama irin wadda sai an ja gudumarta baya da babban yatsa kafin kowane harbi, wato samfurin kamfanin Colt na 1873 da ire-irensa. Gurbin harsashi shida ne, amma biyar ake cikawa, a kwantar da guduma a kan wanda babu komai, don kada ta tashi bisa kuskure. Farantan ƙarfe ake harbi, agogo yana lissafi, kuma duk farantin da mutum ya kuskure ana ƙara masa sakan 5.

Wannan agogo shi ne ya haifi sana'ar gyaran libarba. Da wuya ka ga mai gasa da Colt ta asali, saboda tsadarta. Yawanci Ruger Vaquero ce, wadda ta fito a 1993, ko kwafin Colt da kamfanonin Uberti da Pietta suke ƙerawa a Italiya, kuma kafin ta shiga fili sai ta biya ta hannun maƙeri. Gyaran kashi biyu ne. Akwai na ado, kamar sauya ƙota da ta ƙaho ko ta itace mai kyau da yin zane a jikin ƙarfe, kuma wannan ba ni da ja a kansa, tunda mu ma ba a hawa doki ranar Sallah da linzamin zuwa gona. Sai na ciki: a goge ƙarafan da suke gugar juna har su yi santsi, a sa sifirin mai laushi, a sauke guduma ƙasa a faɗaɗa ta don yatsa ya cim mata da wuri, wasu ma har su gajarta tafiyarta. A kan wannan kuma sai a bar babban harsashin .45 a koma .38 mai albarushi kaɗan, don kada bindigar ta yi tsalle a hannu.

Abokina ya miƙo mini tasa babu harsashi, na ja gudumar, sai na ji kamar na danna maɓallin fitila. Wani dattijo da ke gefe ya ba ni tasa wadda ba a taɓa cikinta ba, ya ce in kasa kunne. Sau huɗu ta yi ƙas kafin ta tsaya, kuma masoyan Colt suna cewa haruffan sunanta huɗu take furtawa. A nan ne na gane abin da yake damuna: mutum ya kashe kuɗi ya yi shigar 1880 daga malafa har takalmi, sannan ya cire wa bindigar nauyinta da muryarta, abubuwa biyun da suka sa ta zama ta wancan zamani.

A Kano, ranar hawan Daushe, babu mai riƙe wa 'yan bindigar Sarki agogo. Adaka ce ake ɗura wa albarushi ta baki, darajarta kuwa tana ga ƙarar da take girgiza ƙirji a Ƙofar Kudu da hayaƙin da yake turnuƙe dawakai. Wanda ya rage albarushi don hannunsa ya huta, ai dariya za a yi masa. Ba ina cewa namu ya fi ta kowace fuska ba. Tsarin kiyaye haɗari na Amurkawan nan abin koyi ne, domin akwai teburin da ake ɗura bindiga da wanda ake sauke ta, kowanne da mai sa ido, alhali a gida kowa ya san adaka takan fashe a hannun mai ita. Kuma maƙerinsu yana aikinsa a sarari da lasisi, namu kuwa rashin tsaro ya sa ana yi masa kallon zargi, duk da cewa a 2024 UNESCO ta sanya hawan Kano cikin al'adun duniya da ake tattalinsu.

Na kuma yarda da hujjar masu gyara cewa sifirin mai laushi yana ba tsoho mai ciwon gaɓoɓi damar ci gaba da wasa. Amma matashi mai ƙarfi da ya gajarta guduma don ya rage sakan biyu, wannan gasar gudu yake yi cikin kayan tarihi. Ita kanta ƙungiyar ta ware rukunin da girman harsashi bai gaza .40 ba, da wani na masu baƙin albarushi irin na da, kuma can zuciyata ta karkata.

Dattijon nan a rukunin baƙin albarushi yake. Da ya saki harbi na uku hayaƙi ya rufe farantan gaba ɗaya, ya sunkuya yana leƙe ta ƙasa, ya kuskure biyu, aka ƙara masa sakan 10, ya juyo yana dariya. Iska ta kaɗo mini warin, kuma shi ne dai wanda nake shaƙa ina yaro a kafaɗar kawuna a Ƙofar Kudu.