Gambar Kansas da baunar da ta rage a jikin bango

Shekarata ta shida ke nan a jihar Kansas, tsakiyar Amurka, amma sai a kakar bara wani wuri a ƙasar nan ya yi mini ƙanshin gida. Wani abokin aikina ne ya kai ni tuddan Flint Hills, kusa da ɗan garin Strong City, inda aka keɓe fili tun 1996 don adana ragowar dajin ciyawar da suke kira fireri. Bishiya sai jefi-jefi a bakin rafi. Ciyawa ce iyakar ganin ido, a cikin kwari har ta kai ni kafaɗa. Na kama kan wata na murza a tafin hannu, na ce masa, "Wannan ai gamba ce." Da na koma masauki na bincika, ashe kuwa dangi ɗaya ne, masana na kiran su Andropogon. 'Yar'uwar ciyawar da kakana ke yankowa da lauje ya saƙa zana ce na tarar a wata uwa duniya.

A da, wannan doguwar ciyawa ta rufe eka miliyan 170, daga Kanada har Texas. Yau abin da ya rage bai kai kashi 4 cikin ɗari ba, kuma mafi yawansa a tuddan nan yake. Ba tausayi ne ya cece shi ba, dutse ne: ƙasar wurin cike take da dutsen farar ƙasa da dutsen ƙyastu, garma ba ta shiga. Duk inda ƙasa ke da laushi, garmar ƙarfen da John Deere ya ƙera a 1837 da waɗanda suka biyo bayanta sun kife shi, ya koma gonakin masara da waken soya da alkama. Baunar ƙasar, mai tozo da gashi buzu-buzu, wadda aka ƙiyasta ta kai miliyan 30 ko fiye, kafin 1890 ta koma 'yan ɗaruruwa a daji.

Saboda haka ba na cikin masu cewa Turawa sun fi mu tausayin dabba. Ɓarnar da suka yi cikin shekara hamsin, mu ba mu da kayan aikin yin irinta ma. Abin da ya ɗauki hankalina shi ne, masu zanensu sun ajiye shaidar ɓarnar a jikin bango, kuma har gobe ana gardama a kan wa ya faɗi gaskiya a cikinsu.

Akwai wani zane na Albert Bierstadt na 1888 a babban gidan zane-zane na ƙasa da ke Washington, faɗinsa mita uku, a kan ƙarshen bauna. Na daɗe tsaye a gabansa. Wani ɗan asalin ƙasar ne a kan farin doki ya ɗaga mashi zai soke bauna, ita kuma ta sunkuyar da kai ta kai wa dokin karo. A gaba ga ƙoƙunan kai da ƙasusuwa warwatse, ga gawarwaki, can nesa kuma garke ya cika fili har gindin duwatsu. Gwanin kyau. Sai dai wanda ya riƙe mashin ba shi ya ƙarar da bauna ba. 'Yan asalin ƙasar sun shafe dubban shekaru suna cin namanta, suna yin tanti da fatarta, ba ta ƙare ba. Waɗanda suka gama da ita maharban kasuwa ne masu bindiga mai dogon zango, a shekarun 1870, bayan jirgin ƙasa ya ratsa dajin. Su feɗe fata su bar nama ya ruɓe, majemu a gabas su mayar da fatar bel na jan injinan masana'antu. Manyan soja da dama kuma abin ya yi musu daɗi, don sun san in babu bauna, yunwa za ta durƙusar da ƙabilun da suka gagare su. Duk cikin waɗannan babu ko ɗaya a zanen.

Wanda ya faɗi gaskiya wani hoto ne da aka ɗauka wajen 1892 a wata masana'anta kusa da Detroit: tsibin ƙoƙunan kan bauna kamar dalar gyaɗa, mutum ɗaya a tsaye a samansa, ɗaya a ƙasa, duk cikin kwat. Niƙa su ake yi a yi taki, ko a ƙona a yi gawayin tace sukari.

Wannan bambancin ne ya hana ni barci, don mu ma haka muke yi da baki. In aka tashi maganar ƙarewar daji, sai a nuna maharbi mai adaka, ko makiyayi mai sassabe reshe, ko matar da ke ɗauke da itace a ka. Ba a nuna tirelar gawayi da ke shiga birni kullum, ba a nuna mu da ke saye. Ba a nuna burtalin da aka nome, ko maganin feshin da ke kashe ciyawa har saiwa. Fadamun Haɗeja da Nguru ba manomin wurin ne ya rage musu ambaliya ba. Madatsun Tiga da Challawa ne suka sauya tafiyar ruwan, kachala ta toshe hanyoyinsa. In mai zane zai zana dinya ko kirinjijiya a wannan fadama ya bar madatsar ruwa da kachala a waje, ya yi irin ta Bierstadt.

Kuma ba wai ba ma zana dabba ba ne. Dubi bayan manyan motoci a kowace tasha: zaki ya buɗe baki, mikiya ta ware fiffike, giwa ta ɗaga haure. A kirari ma sarki zaki ne, giwa ne, bauna ne. Amma duk ƙarfinsu muke aro mu yaba wa mutum, ba halin da suke ciki muke faɗa ba. Zakin da ke jikin mota ya fi na Yankari yawa nesa ba kusa ba. Yaran gidanmu sun san kura a tatsuniya, ba su taɓa jin kukanta da dare ba, alhali mahaifina ya ce a zamaninsu har bayan gari take zuwa. Ni kaina gauraka biyu na taɓa gani, kuma a gidan wani mai kuɗi ne, an datse musu fiffike. A nan kuwa, duk watan Maris dubban ɗaruruwan 'yan'uwanta ke sauka a kogin Platte na Nebraska, mutane na biyan kuɗi su shiga bukka cikin sanyin asuba don su kalle su.

Zane kuma yana iya sayen fili, na ga hakan da idona a gidan waya. A 1934, ana tsakiyar farin da ya sa ƙasar gonaki ta riƙa tashi sama kamar hazon hunturu, wani mai zanen barkwanci a jarida a Iowa, Ding Darling, ya zana agwagin daji biyu suna sauka a ruwa, aka buga a matsayin kan sarki. Doka ta ce duk mai farautar tsuntsayen ruwa da ya kai shekara 16 sai ya saya. Dala 1 ne a lokacin, yanzu dala 25, kuma kashi 98 cikin ɗari na kuɗin kan tafi sayen fadamu da tafkuna ko kare su. Abin da aka kare da shi ya kai wajen eka miliyan 6. Duk shekara masu zane na gasa don a zaɓi nasu.

Na san wani zai ce zanen abu mai rai fa? Wannan magana ce ta malamai, ban kai in sa baki ba. Amma zanen da ya fi taɓa ni a nan babu dabba ko ɗaya a cikinsa. Wata mata, Heidi Natura, ta zana tsirran fireri a jere a 1995, ta ja layin ƙasa a tsakiya, ta nuna abin da ke ƙarƙashi. Saiwar wasu ta nutsa fiye da mita 4, ta ninka abin da ke sama. A gefe ga ciyawar ado ta tsakar gida, saiwarta ko taƙi ba ta kai ba. Kallo ɗaya za ka gane abin da ya sa iska ta kwashe ƙasar bayan an nome ta. Wa zai zana mana gamba haka, da gawo, da sabara, a liƙa a ajin firamare? Wa zai zana sawun barewa a rairayi, kusa da sawun taya?

A Dabous, arewa da Agadas, wasu mutane sun sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse shekaru dubu shida ko fiye da suka wuce, babban ya haura mita 5. Yau wurin hamada ne. Can sauyin yanayi ne ya kore su, amma na kusa da Yamai, a yankin Kure, fari da farauta da saran daji ne suka mayar da su kamar guda 50 a 1996. Da aka tsaya musu tare da mutanen ƙauyukan, sun haura 600.

Bayan na dawo daga Flint Hills na kira ƙanena na ce ya je bayan gari, inda kakanmu ke yankan gamba, ya ɗauko mini hoto. Ya ce, "Yaya, wurin ai ya zama filoti." Duk da haka ya je. Hoton da ya turo tubalan siminti ne a jere, da ledoji maƙale a ƙaya, sai gindin gamba guda ɗaya da wani ya bari a matsayin iyakar gona. Na wanke hoton, na rataye shi a falo kusa da zanen saiwoyin nan. 'Yata mai shekara bakwai ta tambaye ni sunan ciyawar, na faɗa mata, ta maimaita sau biyu.