Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Nasiha ga Ɗalibai Masu Neman Aiki

Ƙannena ɗaliban jami'o'i da kwalejojin fasaha, akwai maganar da nake yawan ji a bakinku wadda take damuna, wato wai babu mai samun aiki a ƙasar nan sai wanda yake da uwa a gindin murhu. Ba na musun cewa akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin duk mun ga inda aka ture mai cancanta aka ɗauki ɗan wane. Abin da yake ba ni takaici shi ne yadda da yawanku suka mayar da wannan magana matashin kai, suka kwanta a kanta, har mutum ya shafe shekara huɗu ko biyar a makaranta bai san kowa a fagen da yake karanta ba sai abokan ɗakinsa.

Ku dubi shirin SIWES na tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu da masana'antu, wanda kuka fi sani da IT. Hukumar horar da ma'aikata ta ITF mai hedikwata a Jos ce ta kafa shi a 1973, saboda masu masana'antu suna ƙorafin cewa waɗanda suka kammala karatu suna zuwa musu da takarda ba tare da sanin aikin hannu ba. Ɗalibin jami'a yakan yi wata shida a wurin da aka tura shi, kuma a cikin watannin nan yana zaune tare da mutanen da gobe za a tambaya ko sun san wani yaro mai hankali.

A wani wuri da na taɓa aiki an turo mana ɗalibai biyu. Ɗaya ba ma ganinsa sai ranar Juma'a, ya shigo da littafin rahotonsa a hammata, ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran a sa masa hannu a buga hatimi. Ɗayan kuwa kafin ƙarfe takwas ya iso, yana ɗaukar kayan aiki ya bi ma'aikata, kuma yana da wani ƙaramin littafi mai lanƙwasasshen bango a aljihun gaba, inda yake rubuta duk abin da bai gane ba ya tambaya bayan an tashi. Da ya koma makaranta bai yanke zumunci ba. Yakan aiko gaisuwar sallah, ya kuma sanar da mu batun da ya zaɓa na binciken shekarar ƙarshe. Ranar da gurbi ya samu, abin da shugabanmu ya ce kawai shi ne, "Ina yaron nan mai littafi?" Mahaifin yaron nan ba kowa ba ne, kuma babu wanda ya kawo takarda a kansa.

Wani masanin zamantakewa a Amurka, Mark Granovetter, ya nuna a binciken da ya wallafa a 1973 cewa waɗanda suka sami aiki ta hanyar wani, galibi labarin ya zo musu ne daga mutumin da ba su cika haɗuwa da shi ba. Dalilin a fili yake: aminanka na kullum abin da ka sani shi suka sani, amma wanda ya riga ka kammalawa da shekara uku, ko malamin da ya duba bincikenka, ko injiniyan da kuka gaisa a taron ƙungiyar injiniyoyi ta NSE, kowannensu yana jin labarin da ba ya isowa majalisarku. Saboda haka ku halarci tarukan ƙungiyoyin sana'arku, mai karatun akanta ya san inda 'yan ƙungiyar akantoci ta ICAN suke haɗuwa, ku shiga bajekolin kasuwanci na Kaduna da na Kano ku tsaya a rumfunan kamfanoni ku yi tambaya, ku kuma gyara shafinku na LinkedIn da cikakken suna da hoto na mutunci.

Sai kuma ladabin tuntuɓa, wanda a nan ne aka fi yin ɓarna. Babban mutum ya ba ka lambarsa, sai ka tura masa guntuwar sallama da tsakar dare ka yi shiru, ko kuma saƙonka na farko ya zama "a taimaka min da aiki". Ka yi cikakkiyar sallama, ka faɗi sunanka da makarantarka da inda kuka haɗu, sannan ka nemi abu guda wanda zai iya yi cikin minti biyar, kamar ya duba maka CV ko ya gaya maka ƙwarewar da ake nema a wurinsu. Idan ya ba ka shawara, ka yi aiki da ita, ka dawo ka shaida masa yadda ta kaya, domin wannan dawowar ce take sa ya riƙe sunanka.

Ku kuma ƙannena mata, kada kunya ta hana ku tambaya a aji ko a wurin koyon aiki, amma duk ganawa ta kasance a ofis cikin lokacin aiki, kuma ku nemi matan da suka riga ku shiga sana'ar ku riƙe su a matsayin yayye. Wanda ya ce sai kin same shi a wani wuri da dare, ko ya ce wa ɗayanku a turo kuɗi don a saya masa gurbi, to a daina ɗaukar wayarsa, a kuma sanar da malamin da ke kula da SIWES a sashenku tun kafin ya cuci wani ɗalibin.