Zuwa Kenya kallon giwa ba almubazzaranci ba ne

Jama'a, akwai maganar da ta daɗe tana ci min rai. Duk wanda ya ɗora hotonsa daga gandun namun dajin Masai Mara na Kenya ko Sarengeti na Tanzaniya, sai a yi masa caa a nan Kaduna, wai kuɗi sun yi masa yawa, me zai kalla a jikin dabba? Amma wanda ya tafi Dubai sayayya babu mai ce masa uffan.

Ni ina tare da mai zuwa kallon namun daji. Tsakanin Yuli da Oktoba, dabbobi fiye da miliyan ɗaya ke tasowa daga Tanzaniya zuwa Kenya neman ciyawa, su taru a bakin kogin Mara suna jan ƙafa, kadoji na jiransu a ruwa. Sai guda ta yi ƙundumbala ta faɗa, sauran su biyo ta, ƙura ta turnuƙe. Wanda ya tsaya ya ga wannan da idonsa, Subhanallah ɗin da zai faɗa daban yake da na mai kallo a waya.

Kuma ƙasashen nan ba wasa suke ba. A Ruwanda, dala 1,500 ake biya don a zauna awa ɗaya kacal kusa da gwaggon biri a dajin duwatsu, mutum takwas ga kowane ayarin birai a rana. Kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigar ana mayar da shi ga ƙauyukan da ke kewaye, a yi makaranta, a yi asibiti. Wanda ɗansa ke karatu da kuɗin biri ba zai ɗana wa biri tarko ba.

Ba sai an je nesa ba ma. A Kure, kusa da Yamai, raƙuman dawa sun ragu har saura 49 a 1996. Yau sun haura 600, suna yawo cikin gonakin mutane, suna miƙa wuya kan gawo, wani lokaci har su taɓa waken manomi, kuma an bar su.

Abin da ke ƙona min zuciya shi ne Kamuku. Gandun dajin ƙasa ne tun 1999, a Birnin Gwari, cikin jiharmu, dajin da aka san shi da giwa da gwanki da kanki. Yau wa zai ɗauki iyalinsa ya nufi can? 'Yan bindiga sun raba mu da shi. Yara da yawa a Kawo da Tudun Wada ba su ma taɓa jin sunansa ba. Yankari na Bauci dai da sauran giwayenta da ruwan Wikki, amma su ma giwayen lallaɓa su ake.

Don haka mai hali ya je Kenya, ya je da 'ya'yansa in zai iya. In ya dawo, ya samu ɗan majalisar mazaɓarsa ya tambaye shi yaushe za a ƙwato mana Kamuku, kuma nawa aka ware wa ma'aikatan da ke gadinsa.