Alamun tashin hankali a wajen masu sikizofireniya ba ɓoyayyu ba ne

Da zarar an ji mai taɓin hankali ya far wa wani, sai a ce ai dama haka suke. Maganar nan tana ci min rai, domin tana rufe mana ido daga abubuwan da ake iya gani tun kafin a kai ga duka.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 24 a duniya ke da ciwon sikizofireniya, wato taɓin hankalin da ke sa mutum jin muryoyin da babu su ko yarda da abin da ba gaskiya ba. Mafi yawansu ba su taɓa ɗaga wa kowa hannu ba, su ne ma aka fi zalunta. A 2009 Seena Fazel na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa suka duba bayanan masu ciwon sama da 8,000 a Suwidin. Cikin waɗanda ba sa shaye-shaye, kashi 8.5 aka taɓa samu da laifin cin zarafi, a sauran jama'a kuwa kashi 5.3. Tazarar ba yawa. Amma inda giya ko ƙwaya ta shigo, sai adadin ya haura kashi 27.

Sai barin magani. Wani yakan daina sha ne saboda yana sa shi kasala, ko ƙiba, ko sanƙarewar jiki. Idan an tsinci ƙwayoyinsa a ƙarƙashin matashi, faɗa ba zai gyara komai ba. A tambaye shi dalili, a koma wajen likita a sauya masa, ko a mayar da shi kan allurar wata-wata.

Abin da ya fi ɗaga min hankali shi ne zargi idan ya haɗu da fushi. Mutum ya kwana uku bai runtsa ba, yana ta kai-kawo. An kawo masa abinci ya ture kwanon, ya ce an zuba guba. Ya fara yi wa mahaifiyarsa kallon maƙiyiya. A ransa kare kansa yake yi, tsoro ne ya cika shi, kuma na kusa da shi ne suka fi shan dukan. Haɗarin ya fi yawa a tashin ciwon na farko, kafin a fara magani, da kuma ga wanda ya taɓa dukan wani a baya.

Ɗaure shi ko kulle shi a ɗaki tabbatar masa ne cewa lallai ana farautarsa. Ranar da barci ya ƙaurace masa, ya fara kama sunan wanda yake zargi, a kawar da wuƙaƙe daga kusa, a sassauta murya, a kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa a ranar.