Kwalejin Katsina: Ƙaramar Makaranta da Aka So Ta Zauna Ƙarama

Duk lokacin da aka zauna ana kukan lalacewar ilimi a Arewa, sai an ambaci Kwalejin Katsina, a lissafo manyan da ta yaye, sannan a ce ina ma a koma wancan zamani. Yabon yana kan hanya, amma rabin labari ne, domin wanda ya duba yadda aka kafa makarantar zai ga cewa abin da ya ba ta daraja da abin da ya jawo wa Arewa koma-baya a ilimin zamani daga tushe ɗaya suka fito.

An fara karatu a kwalejin a shekarar 1921, kuma Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a watan Maris na 1922, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Kafin nan Hanns Vischer, wanda Hausawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, ya kafa makaranta a Nassarawa ta Kano a 1909, daga ita kuma makarantun larduna suka bazu, sai aka rasa malaman da za su riƙe su. Turawan mulki ba su so su cike giɓin da malamai daga Kudu, kuma sun riga sun taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen sarakunan Musulmi. Saboda haka aka yanke shawarar horar da 'ya'yan ƙasa na tsawon shekara biyar, su koma lardunansu su koyar.

Dalilin zaɓen Katsina shi ya fi bayyana manufar. Clifford ya kafa hujja da sunan da birnin ya yi a fagen ilimi da addini, kuma babu mai musun wannan a garin Gobarau da Wali Ɗanmarna da Wali Ɗanmasani. Sai dai ya haɗa da hujja ta biyu, wato nisan garin da hanyar jirgin ƙasa da manyan cibiyoyin kasuwanci. A fili ana nema wa ɗalibai natsuwa ne, amma a ganina ana kuma nesanta su da jaridun Ikko da lauyoyinta da 'yan bokonta, waɗanda suka daɗe suna hana gwamnatin mulkin mallaka barci. An so a sami malami mai kyakkyawan Turanci da ladabi, wanda zai yi wa hukumar En'e, wato hukumar mulkin gargajiya ta sarakuna, aiki ba tare da ya ɗaga murya ba.

Abin da ya kamata a yaba wa kwalejin, ba tare da rowa ba, shi ne yadda ta ɗauki aikin malanta da muhimmanci. Daga kowane lardi ana tace yara kaɗan a turo, a zaunar da su a ɗakunan ƙasa irin ginin gida, a koya musu Turanci da lissafi da tarihi da labarin ƙasa, tare da Larabci da addini a hannun malamai irin su Malam Bello Kagara. An matsa ƙwarai a kan furucin Turanci, kuma wanda ya taɓa sauraren jawaban Abubakar Tafawa Ɓalewa, da ya yi karatu a can daga 1928 zuwa 1933, ya san horon bai tafi a banza ba. Ahmadu Bello ya gama a 1931 ya koma Sakkwato ya koyar a makarantar Midil kafin a naɗa shi hakimin Rabah. Kashim Ibrahim ya koyar a Borno, Abubakar Imam kuma a Katsina kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Firayim Minista Tafawa Ɓalewa da Firimiya Ahmadu Bello da Gwamnan Jihar Arewa Kashim Ibrahim duk da alli suka fara, a lokacin da yaron da ya fi kowa ƙoƙari a lardi shi ake turawa koyon malanta, saɓanin yau da sau da yawa kwalejin ilimi ta zama mafakar wanda bai sami gurbi a jami'a ba.

Ƙanƙantar makarantar ta yi wa ɗalibanta amfani ta wata fuska. Bakano da Babarbare da Banufe da Basakkwace sun kwana wuri ɗaya, sun yi wasan kurket tare, sun san halin juna, shi ya sa da siyasar jam'iyyu ta zo ba su sha wahalar haɗa kai ba. Lissafin Turawa ma bai cika daidai ba, domin Tafawa Ɓalewa ne ya tashi a majalisar Kaduna a 1950 ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul.

Amma yanki mai miliyoyin jama'a ba ya ci gaba da 'yan tsirarun da ake yayewa a shekara. Ikko ta sami makarantar sakandare ta ƙungiyar 'yan mishan ta CMS tun 1859, da King's College a 1909, Kudu kuma ta cika da makarantun mishan, alhali Arewa ta shafe shekaru tana dogaro da ƙofa ɗaya tilo, wadda ba a buɗe wa mata ba ko kaɗan. Za a iya cewa kuɗi ne babu, ko iyaye ne ke gudun boko, kuma akwai gaskiya a duka biyun, amma gwamnatin da ta iya shimfiɗa dogo har Kano a 1911 don kwasar amfanin gona ba ta rasa ikon gina kwaleji ta biyu da ta uku ba. Sakamakon ya fito fili lokacin da 'yancin kai ya gabato, aka duba aka ga Arewa ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi da manyan ma'aikata, har gwamnatin Sardauna ta shiga gaggawar horar da 'yan Arewa don su riƙe ofisoshi.

A 1938 aka mayar da makarantar Kaduna, a 1949 ta koma Zariya, a 1971 kuma ta karɓi sunan Kwalejin Barewa, bayan ta yaye irin su Aminu Kano da Shehu Shagari da Yakubu Gowon da Murtala Muhammed. Jerin sunayen yana da ban sha'awa, sai dai fitowar shugabanni da yawa haka daga makaranta ɗaya shaida ce ta ƙwazon malamanta, kuma shaida ce ta ƙarancin makarantun da aka gina wa Arewa a wancan lokaci.