Ga matasan Bauchi masu son Wikki

'Yan uwana matasa, a 2016 kowa a garin nan ɗan Wikki ne, wato ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa Wikki Tourists. Abdu Maikaba na horarwa, Godwin Obaje na zura ƙwallaye har ya fi kowa ci a babbar gasar Najeriya, muka ƙare a matsayi na uku. Filin Abubakar Tafawa Balewa ya riƙa cika, har wanda bai san sunan mai tsaron gidanmu ba yana kirari. Da ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu a 2023, sai aka watse. Da yawanku kuka koma gidan kallo, kuna musun Madrid da Barcelona kamar gadon gidanku ne, in an ambaci Wikki ku yi tsaki.

Waɗanda suka tsaya fa, su nake so ku duba. Dattijon da ke zuwa da 'yar rediyonsa manne a kunne, mai ganga da bai fasa kiɗa ba ko an zura mana biyu, samarin da ke karo-karon kuɗin mota don su bi ƙungiya wani gari. Da can ɗan Jahun bai san ɗan Yalwa ba sai dai a haɗu a ƙofar shiga. Da aka ragu, aka san juna. Yau in ɗaya ya yi rashi, sauran ne a sahun gaba wajen jana'iza. In matarsa ta haihu, su ne masu shimfiɗa tabarmar suna. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Shekarun cin wasa ba su ba mu wannan zumuncin ba, baƙin cikin da aka sha tare ne ya ƙulla shi, kuma da shi aka dawo babbar gasa a 2025.

Ku tuna 2021, ranar da motar 'yan wasa ta kama da wuta a Hawan Kibo. Allah Ya tsare rayuka, kaya suka ƙone. Ranar babu mai tambayar wa ya ɓarar da fenareti a makon jiya, kowa addu'a yake yi wa yaran.

To, ga inda nake jin tsoro. Zafin da ke haɗa mu shi ne kuma ke tunzura mu. An yi mana rashin adalci, ko muna ganin an yi, sai wani ya ɗau dutse, sauran su bi shi don kada a ce ba su da kishi. Wallahi wannan ba kishi ba ne. Ka jefi alƙalin wasa, ka koma gida ka kwanta, ƙungiya ce za ta biya tara, a cire mata maki, a rufe fili, mai sayar da ruwa da mai gyaɗa a bakin ƙofa su rasa abincinsu. Maƙwabtanmu na Kano Pillars sun ɗanɗana wannan a 2025 bayan wasansu da Shooting Stars.

Masu son Liverpool, kun san Hillsborough, filin wasan nan na Ingila? Mutum 97 ne suka rasu sakamakon turmutsitsin 1989, aka kuma ɗora wa magoya baya laifi. Iyalansu suka yi ta bin shari'a har 2016, aka tabbatar ba laifin 'yan kallo ba ne. Shekara 27 suna tare, ba da jifa ba.

Don Allah, in an ci mu a gida, ku tafa wa yaran, ku bar baƙi su hau motarsu lafiya, ko da Gombe United ce. Wanda ya ga ƙaninsa ya sunkuya zai ɗau dutse, ya riƙe masa hannu. Wasa na gaba kuma ku sayi tikiti da kuɗinku, ku daina jiran a buɗe ƙofa kyauta bayan hutun rabin lokaci.